Sulken Aro: Martani ga Masu Cewa a Ƙwace Wayoyin Yara

  

Wata magana ta yi ƙarfi a unguwa tun bayan ƙaramar salla. Ana maimaita ta a bakin masallaci da wurin suna da zaman makoki, har wasu suna neman a mai da ita doka: wai a ƙwace wayar duk yaron da aka kama yana wasan yaƙi na intanet, a hana masu ɗakunan kwamfuta karɓar 'ya'yanmu, a kuma hau mumbari a ce wasan haramun ne ɗungurungum. Masu wannan kira mutanen kirki ne, abin da ya tunzura su kuma gaskiya ne. Kuɗi sun ɓace a shaguna. An ga yara suna gyangyaɗi a kan allo da asuba. An ji ashar da Faransanci yana fita daga bakin ɗan shekara 13 da tsakar dare. Ba mu musa ko ɗaya ba, domin mu ne ke riƙe da littafin da ake rubuta ƙararraki a zauren dattijonmu, mun san abin da ke cikinsa shafi-shafi. Maganin da aka kawo shi muke musu. Muna cewa an bar jaki ana dukan taiki, kuma ga hujjarmu.

Malaman usulu suna da wata ƙa'ida da duk wanda ya durƙusa a gaban malami ya ji ta: ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa. To, a cikin masu kiran a hana, mutum nawa ne ya zauna kusa da ɗansa ya ga abin da ke cikin wayar? Mun tambaya. Wani ya ce ya ga takubba da hayaƙi. Wani ya ce ƙara ya ji ta bayan labule. Wannan leƙe ne ta kafar ƙofa, bai kai a gina fatawa a kansa ba. Saboda haka, da umarnin dattijo, muka kira samari huɗu, muka zaunar da su dare uku bayan isha'i, suka yi wasan a gabanmu, muna tsayar da su muna tambaya kamar yadda ake tsayar da mai karatu a kan baƙi.

Abu na farko da ya bayyana shi ne wasannin ba iri ɗaya ba ne. Akwai na ƙwallon ƙafa, akwai Free Fire, wanda harbe-harbe ne na kamar minti goma a tashi. Wanda ƙararrakin kuɗi suka fi taɓawa a wurinmu kuwa wani iri ne dabam, inda mutum ke shiga rigar wani gwarzo na ƙage, ya raine shi wata da watanni, yana haɗuwa da wasu mutane na gaske daga wasu garuruwa suna fita yaƙi tare. Wanda samarin suka nuna mana sunansa Dofus. Wani kamfani mai suna Ankama a arewacin Faransa ya fitar da shi a 2004, sannan a 2016 ya fitar da na waya. Da yake da Faransanci yake, ɗan lakwal na Abijan ba ya buƙatar tafinta. Filin yaƙinsa an yanka shi gida-gida kamar na dara, kuma bi da bi ake yi. Idan layi ya zo kan sabon shiga, yana da maki shida da zai kashe wajen sara ko tsalle, da taku uku na tafiya. In sun ƙare sai ya tsaya inda yake, ya jira abin da za a yi masa.

Kafin yaro ya fara, sai ya zaɓi sana'ar gwarzonsa. Akwai ɗan baka, da suke kira Crâ, mai tsayawa nesa yana sakin kibiya. Akwai mai magani, Eniripsa, wanda aikinsa mayar wa abokai da jinin da suka rasa. Sannan akwai 'yan gaba-da-gaba, waɗanda ba su da abin yi sai sun haɗa ƙirji da abokin gaba, kamar Iop mai takobi, da Sacrieur mai tarar duka da jikinsa domin wasu su tsira. Wannan rabon aiki ba na Dofus kaɗai ba ne. A World of Warcraft, wanda shi ma ya fito a 2004 daga Amurka, biyar-biyar ake shiga kogon dodanni: ɗaya mai tare duka, ɗaya mai magani, uku masu kai sara.

Samarin huɗu duk sun ce takobi suka fara zaɓa, domin a ganinsu nan jarunta take. Duk kuma sun ce sun sha kashi har sun gaji, uku suka koma baka, ɗaya ne ya daure. A kan wannan ɗayan muke so mu tsaya, domin abin da ya koya shi ne abin da masu kiran hani ba su gani ba.

Ɗan baka ɗan gata ne. Ya harba, ya ja baya, ya sake harbawa. Mai takobi kuwa taku uku gare shi, alhali abokin gaba yana can gida bakwai ko takwas. Sabon shiga da zarar layi ya zo kansa sai ya zabura a guje, takunsa ya ƙare a tsakiyar fili, bai kai ga kowa ba, kowa kuma ya kai gare shi. Kafin layi ya dawo masa an gama da shi. Darasinsa na farko ke nan: ƙidayar taku, nasa da na abokin gaba. Sau da yawa dabarar ita ce kada ya motsa ko kaɗan, ya laɓe bayan dutse, ya bar dodon ya ɓata nasa takun wajen zuwa, sannan ya tarbe shi da makinsa cikakku. Mun ga yaron nan ya bar layinsa ya wuce har sau biyu bai yi sara ba, abokansa suna tsaki, a na uku ya gama da abin da ya zo. Wanda ya ce wannan wasa garaje yake koyarwa bai ga abin da ake yi wa mai garaje a cikinsa ba.

Darasi na biyu ya fi zurfi. A ƙa'idar wasan, idan mai takobi ya manne wa abokin gaba, to ya riƙe shi ke nan, ba ya kuɓucewa sai da asarar taku da maki. Ashe jikinsa ƙyaure ne. Aikinsa ya tsaya a inda dodo ba zai wuce shi ya kai ga mai magani ba. Idan kwaɗayin suna ya ja shi, ya ga wani ƙaramin dodo mai sauran numfashi kaɗan ya bi shi domin a ce shi ya kashe, to ya bar ƙofa a buɗe. Za a kashe mai magani, in mai magani ya faɗi kuwa kowa ya faɗi, har da shi mai neman sunan. Haka kuma dole ya san inda ɗan bakansa yake, domin in ya tsaya a gabansa ya tare masa gani, kibiya ba ta fita. Yana fuskantar gaba, amma rabin hankalinsa yana bayansa. Akwai ma wani sara na Iop da suke ji da shi, wanda bugunsa na farko ba wani abin a zo a gani ba ne, sai an jira wasu zagaye sannan na biyu ya sauka da ƙarfi ninkin-ba-ninkin. Duk tsawon jiran nan yana shan duka, yana lissafin inda zai kasance idan lokacin ya cika.

Da muka tambaye shi abin da ya fi yi masa ciwo a wannan sana'a, sai ya ce: "Baba, ranar da muka ci, ɗan baka ake yabo. Ranar da aka ci mu, ni ake zagi." Dattijo ya yi murmushi, ya ce masa to ai ka san sarauta.

Wanda ya san tarihinmu ba zai ji wannan tsari baƙo ba. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. 'Yan lifida su ne katangar runduna. An lulluɓe doki da mahayi da auduga mai kauri domin tare kibiya, nauyi ya hana su doguwar sukuwa, aikinsu su tsaya, su fasa sahu, su kare sarki, 'yan baka da barade suna aiki a inuwarsu. Tarihin nan kuma ya nuna cewa kaya kaɗai ba sa cin yaƙi. A Tabkin Kwatto, cikin Yunin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawakai da sulke da lifidi, jama'ar Shehu kuwa, ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, yawancinsu dakaru ne da 'yan baka, dawakinsu kaɗan. Suka riƙe sahunsu, rundunar da ta fi kaya ta watse. 'Yan'uwanmu Gobirawa na unguwa su yi haƙuri, mun san za su tuna mana da Tsuntsuwa. A dambe ma haka abin yake: hannu ɗaya ɗaure da zare shi ne mashi, ɗayan a buɗe shi ne garkuwa, kuma duk tsohon ɗan dambe zai gaya maka garkuwa da tsayuwar ƙafa sun fi mashi wuyar koyo. Shagon da Ɗan Anace ya yi wa waƙa ba a rana ɗaya ya zama Shago ba. Da muka ba samarin waɗannan sunaye, lifidi da garkuwa da barde, sai suka cafe. Kafin dare na uku sun bar kalmomin Faransanci suna ce wa juna "riƙe lifidinka".

To, in haka wasan yake, ina kuɗin shaguna suka tafi? Nan ne jakin yake, kuma shi aka bari.

Gwarzo a wannan wasa yana hawa mataki-mataki har zuwa na 200, kuma kayan yaƙinsa da kuɗin cikin wasan ake sayensu, waɗanda suke kira kamas, ana tara su da wahala. Sai wasu 'yan kasuwar bayan fage suka buɗe sana'a: ka turo sefa ta waya, a ba ka kamas, ko a sayar maka da gwarzo ƙosasshe wanda wani ya raina, da sulkensa da takobinsa. Dokar kamfanin da kanta ta hana wannan ciniki, kuma yana rufe asusun wanda ya kama. Ƙarar da ta fi girgiza mu ta wani yaro ce ɗan shekara 16, mahaifinsa mai sayar da albasa. Kaɗan-kaɗan ya zare sefa 45,000 daga cinikin uban, ya tura wa wani da bai taɓa gani ba. Aka ba shi gwarzon, ya kwana biyu yana taƙama, a rana ta uku mai sayarwa ya sauya kalmar sirri ya ɗauke abinsa. Wani kuma shi ba a damfare shi ba, amma da ya shiga kogo da gwarzon mataki na 200 bai san ƙidayar taku ba, sai ya zabura a guje kamar ɗan jiya, ya bar ƙofa a buɗe, aka kashe ayarin gaba ɗaya, suka kore shi. Kayan aro ba ya rufe katara. Wasan da kansa ya tona masa asiri kafin maganar ta iso zaure.

Ku duba da kyau, jama'a. Yaron da ya daure ya koyi takobi wata da watanni bai taɓa sisin kowa ba. Waɗanda suka saci kuɗi su ne waɗanda suka ƙi koyo, suka nemi a sayar musu da abin da ba ya sayuwa. Masu kiran hani sun zuba su duka a buhu ɗaya, mai haƙuri da mai son banza, suna so a yi musu bulala ɗaya. Wannan zalunci ne ga na farko, kuma ba magani ba ne ga na biyu. Sannan muna da wata tambaya da muka san ba za ta yi wa wasu daɗi ba: a ina yaro ya ga ana sayen abin da ya kamata a wahala a samu? Yaron da ya tashi yana ganin waɗansu manya suna sayen rawani, suna sayen takardar shaidar karatun da ba su yi ba, suna sayen lasin tuƙi kafin su san birki, don me zai ga aibin sayen sulke a cikin waya? Ba Faransawa suka koya masa wannan ba.

Masu kiran hani suna da hujja ta littafi, ba za mu ɓoye ta ba, domin mu ma a gaban Risala muka tanƙwashe ƙafa. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya hana wasan nardi da shaɗaranji, Imamu Malik kuma ya tsananta a kansu. Sai dai Imamu Shafi'i ya tsaya a kan karhanci game da shaɗaranji matuƙar babu caca kuma ba a tozarta salla ba, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Nana A'isha tana kallo. Illolin da malamai suka yi ta kewayawa a kansu sanannu ne: caca, shagala daga farilla, da alfasha. Kowace daga cikinsu ana iya kama ta a hukunta ta da sunanta. In kuwa za a ɗauki hanin a kan duk wani wasa na gidaje da lissafi, to a fara da dara da ludo da karta da masu furfura ke bugawa a gindin bango har ladan ya kira magariba. Ba mu ji an nemi a ƙwace 'ya'yan darar kowa ba.

Akwai ma abin da masu hanin ba su gano ba, mu za mu ba su shi kyauta. A labarin da aka gina Dofus a kansa an ƙaga waɗansu alloli goma sha biyu, sanannun sana'o'in gwarazan kuma da sunayensu ake kiransu. Da muka tayar da maganar, samarin suka yi dariya suka ce ai kamar Gizo da Ƙoƙi ne, babu mai ɗaukarsu da gaske. Dariya ba ta ishe mu amsa ba. Wannan mas'ala ce da ta cancanci malami ya zauna da su ya warware musu, ya nuna musu iyakar tatsuniya da inda harshe ya kamata ya tsaya. Amma ku lura: zama da kallo ne ya fito da ita. Mai ƙwace waya daga nesa da bai taɓa saninta ba har abada.

Batun kamuwa da wasa kuma gaskiya ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin cututtuka, ta kuma faɗi alamominsa: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarna, abin ya ɗauki kamar shekara guda. Halin mutum aka siffanta, ba a ce duk mai wasa majinyaci ba ne. Yaron da ya kai wannan hali yana buƙatar a tsaya a kansa shi kaɗai, da sunansa, da iyayensa.

Yanzu a ƙaddara an yi dokar, an ƙwace wayoyin. Sai me? Muna zaune ne a Ajame, inda kasuwar wayoyi ta Black Market take a bakin ƙofarmu. Yaron da aka ƙwace wa waya da safe zai iya riƙe wata kafin la'asar, tambayar kawai ita ce daga aljihun wa kuɗin za su fito. In an hana shi ɗakin kwamfutar da mai shi ya san ubansa, gbaka ɗaya za ta kai shi inda ba a san shi ba, ya zauna kusa da 'yan damfarar intanet da ake kira burutar, su koya masa wata sana'ar da ke ƙarewa a hannun 'yan sanda. Birnin nan tun 2017 yake da bikinsa na wasannin bidiyo, FEJA, wanda matasa ke cika, Bromakote kuma ba ta da ganuwa da za ta raba ta da sauran Abijan. Kuma kada mu yi kamar mun manta abin da ke jiran yaron da aka koro kan titi da dare. Mun ga abin da yaran da ake kira mikrob suka yi a Abobo da Atekube da nan Ajame bayan rikicin 2011, da adduna na ƙarfe waɗanda jinin da suke zubarwa babu mai maganin da zai mayar. Mun san ƙwayar da suke kira Kadafi, mun san lungunan da ake shanta. Gudun gara ne za a faɗa gidan zago.

Abin da muka gabatar wa dattijo, kuma muke gabatar wa jama'a, ba sassauci ba ne, ya ma fi ƙwacen waya wahala ga iyaye. Duk yaron da ya tura kuɗi domin sayen gwarzo ko kamas, a ɗauke shi a matsayin wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba, ya biya da guminsa a shagon wanda ya zalunta. Duk wani daga cikinmu da aka samu yana dillancin wannan ciniki, a kawo sunansa zaure ko ɗan waye. In an kira salla a ajiye waya ko ana tsakiyar kogo, abokan wasa su jira ko su nemi wani. Bayan ƙarfe goma na dare babu wasa a ranakun karatu. Wasan kuma ya fito fili, a tsakar gida ko a zaure, inda babba zai iya tsayawa a kai ya ce don me ka bar ƙofa a buɗe. Muna kuma roƙon masu hali da su dubi maganar filin kokawa. Nijar tun 1975 take gasar Takobi, yaranmu suna kallon Issaka Issaka a waya suna ihu, amma da yawansu ba su taɓa sa ƙafa a yashi sun kama wani ba. Wanda ya koyi tsayuwa a cikin waya ya cancanci a ba shi inda zai gwada ta da ƙafafunsa.

Samarin huɗu sun yarda su sake yin wasan a gaban duk uban da yake son gani da idonsa, ranar Lahadi bayan la'asar, a zauren dattijo. Mun gayyaci malamai biyu domin maganar allolin ƙagen nan. Masu kiran hani su ne kan gaba a gayyata, za a ba su tabarmar gaba, za su yi tambaya son ransu. Wanda ya zo da bulala, a ƙofa zai ajiye ta.



Magatakardan zaure, Bromakote.